Manomin da Ya Kai Mur Gidan Suna

Akwai wani manomi a wani gari da ke gindin dutse, yana da mata da 'ya ɗaya tilo, sunanta Keziya. Wata shekara da kaka, ana cikin yankan dawa, sai mahara suka faɗa wa gonaki, suka kwashe mutane da yawa, suka haye da su ƙetaren kogi. Keziya tana cikinsu. Kunu ta kawo wa ubanta a gona, ƙwaryar kawai ya tarar a kife.

Sarkin garin ya aika da shanu domin fansa, aka komo masa da su. Ya aika da azurfa, aka komo da ita. Shugaban maharan ya ce, "Ba na son dukiyarka. Ran da ɗan cikinka ya girma, ya zo da ƙafarsa ya ba da ransa, ran nan zan saki mutanenka." Ya faɗi haka ne domin ya san sarki ba shi da ɗa. Sarki kuwa ya amsa a gaban jama'a, ya ce, "Na yarda."

Shekaru suka yi ta wucewa. Matar manomi takan zauna a bakin ƙofa tana duban hanyar kogi, har ciwo ya kwantar da ita, ta rasu. Manomi ya sayar da akuyarsa ya sayi mur, wato turaren nan mai ɗaci da ake shafa wa gawa, ya yi mata sutura. Ragowar ya bar ta a tandu, ya rataye a bango, ya ce ta ranar tasa jana'izar ce.

Ana nan, wata safiya aka ji guɗa daga fada. An haifa wa sarki ɗa namiji. Maƙwabcin manomi ya shigo da gudu ya ce, "Tashi, ɗan'uwa! Hanyar Keziya ta buɗe!" Manomi, wanda ya daɗe bai yi dariya ba, ya yi rawa a tsakar gidansa kamar yaro.

Ranar suna gari duka ya hallara. Wani babban falke ya kawo zinariya, ya durƙusa ya ce, "Wannan ta mai mulki ce." Wani tsohon firist, mai hidimar ɗakin sujada, ya kawo lubban, turaren da ake ƙonawa a wurin sujada, ya ce, "Wannan na wanda zai tsaya tsakaninmu da Allah ne." Jama'a suka yi ta sa albarka. Manomi ya kutsa cikin taro domin shi ma ya ga mai ceton 'yarsa. Da ya matso, sai ya ga jariri a cinyar uwarsa, ya ƙoshi da nono yana barci, ɗan hannunsa yana riƙe da bakin zanenta. Nan take murna ta fita daga zuciyarsa. Duk shekarun nan yana roƙon Allah a haifi wannan yaro, bai taɓa tunanin cewa yaron zai zo da uwa ba.

Ya juya ya koma gida, ya sauko da tandun nan daga bango, ya dawo.

Mai tsaron ƙofa ya ji ƙanshin tun daga nesa, ya tare shi ya ce, "Tsoho, ka yi hauka ne? Turaren gawa a gidan suna? Koma da mugun bakinka!" Mutane suka fara tsaki, wasu suna toshe hanci. Amma uwar jaririn ta ji hayaniyar, ta ce, "Ku bar shi ya shigo."

Manomi ya faɗi a gabanta, ya ajiye tandun, ya ce, "Ranki ya daɗe, da wannan na shafe matata. Na kawo ne domin ki san abin da ke jiran ɗanki. Ki ɗauke shi ki gudu da shi wata ƙasa. Keziya ta zauna inda take. Na san zafin rabuwa da ɗa, ba na so ki sani saboda ni."

Sarki ya ce, "Na ba da maganata tun ba a haife shi ba. Domin wannan ya zo."

Uwar ta buɗe tandun ta shaƙa, hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Baba, tun safe kowa yana gaya mini abin da yaron nan zai samu. Kai kaɗai ka gaya mini abin da zai bayar." Sai ta ajiye mur ɗin kusa da zinariya da lubban. A waje makaɗa ba su san abin da ake ciki ba, suka ci gaba da kiɗa. Manomi ya fita, aka miƙo masa tuwon suna, ya kasa kai loma baki.

Yaron ya girma. Ba wanda ya ɗaure shi, ba wanda ya tura shi. Wata rana ya sallami uwarsa, ya haye kogi da ƙafarsa. Kamammu suka dawo gida. Keziya ta dawo da furfura a kanta, ta tarar da ubanta ya makance. Ya shafa fuskarta da hannu biyu. Sa'an nan ya ce, "Kin gan shi?" Ta ce, "Mun yi kiciɓis a bakin ruwa, Baba. Muna fitowa, yana shiga. Shi ya fara gaishe ni."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: jaririn nan Ubangijinmu Yesu ne, kamammun kuwa mu ne, da zunubi ya kwashe ya haye da mu inda ba mai iya komowa da kansa. Kun san masanan da suka zo daga gabas sun kawo masa zinariya da lubban da mur. Tun zamanin dā ikilisiya tana koya mana cewa zinariya tana shaida shi Sarki ne, lubban kuma yana shaida shi Allah ne da ya isa a yi masa sujada. Waɗannan biyu ba su da wuyar karɓa. Kowa yana son sarki mai ƙarfi a bayansa, kowa yana son Allah mai jin addu'a. Mur ne muke tarewa a bakin ƙofa, domin yana cewa wannan jariri mutuwa ya zo yi, kuma saboda mu.

Misali ba ya dacewa ta kowane gefe. Allah bai yi ciniki da Shaiɗan ba, kabari kuma bai riƙe Ɗansa ba. Amma kada mu yi saurin tsallakawa zuwa can. Ku tuna da Maryamu uwar Yesu, yarinya mai jego, baƙi sun ajiye mata turaren jana'iza a gefen shimfiɗar ɗanta, ba ta mayar musu ba.

Kirsimeti yana zuwa. Za mu ɗinka sababbin kaya, a dafa shinkafa, yara su zaga gidaje. Ban hana ba, murna ce ta gaskiya. Sai dai in ka ci ka sha ka yi rawa, ba ka tsaya ko sau ɗaya ka tambayi kanka abin da fansarka ta ci ba, to, kana tare da makaɗan da ke waje. Na kuma san akwai waɗanda suke zaune a nan da suka binne wani a wannan shekara, akwai waɗanda har yau ba su san inda nasu yake ba. Wata a cikinku ta ce mini ba za ta zo sujada ranar ba, kada ta ɓata wa mutane biki da kuka. 'Yar'uwa, ki zo. A ɗakin da aka kwantar da jaririn nan, an karɓi baƙin ciki tun ranar farko.