Wanda Ya Kulle Mana Ruwa a Tsakiyar Hunturu

An yi wani mutum a ƙauyenmu, a ƙasar Narin, gidansa ne na farko idan ka gangaro daga dutse. Ba zan faɗi sunansa ba. Yana raye, kuma 'ya'yansa ba su yi mini laifin komai ba.

Allah ya ba shi tumaki, ya ba shi dawakai, ya ba shi ƙarfin jiki. A masallaci sahun gaba yake tsayawa. Idan ana biki, shi ake miƙa wa kan rago.

Ruwan layinmu bututun ƙarfe ɗaya ne. Daga idon ruwa a gindin dutse yake tasowa, binne a ƙasa, ya ratsa ta farfajiyar mutumin nan, ya gangaro har famfon bakin titi inda kowa ke ɗiba. Kun san dokar famfon nan, ya 'yan uwa. Daga ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, ba a rufe shi. A bar shi yana zuba siriri kamar zare, don muddin ruwan yana tafiya, sanyi ba ya kama shi. Yaron da ya rufe famfo a hunturu, kowace uwa a layin tana da izinin murɗe masa kunne.

Wata shekara da kaka, mutumin ya gina sabon ɗakin dabbobi, babba, ya tara ciyawar hunturu a samansa har rufi. Ya tono bututun, ya ja reshe zuwa kwamin da tumakinsa ke shan ruwa. Bai binne reshen ba, don ƙasa ta riga ta yi tauri. Ya bi da shi ta jikin bango, ya naɗe shi da tsohon kiyiz, dannannen gashin tumakin nan da muke shimfiɗawa a ɗaki. Har nan babu wanda ya ga laifinsa. Dabba ma tana jin ƙishirwa.

Sai ya sa makulli a kan bututun da ke gangarowa wajenmu.

Idon ruwa yana rauni a hunturu. Kwaminsa ya daina cika da sauri. Wata safiya muka fito da bokitai, muka tarar famfo ya yi shiru.

Ni Burul, a lokacin ban daɗe da dawowa daga birnin Bishkek ba, inda na karanta aikin ruwa. Mahaifina ya rasu, daga ni sai mahaifiyata a gida. Na ajiye bokiti na hau wajensa.

Na ce, "Baike, babban yaya, a buɗe makullin nan. Idan ruwan ya wuni a tsaye cikin ƙasa, mu da shi sai ƙanƙara ta narke."

Ya ce, "A'a, injiniya ce da kanta! Shigo ki sha shayi mana. Me takardarki ta ce, daga ɗakin uwarki ruwan yake ɓuɓɓugowa?"

"Ba daga naka yake fitowa ba."

"Ta filina ya bi. Ku kuna zubar da shi a titi yara na wasan santsi a kai, ni ga dabbobi na kuka. Je ki nemi miji ya riƙa ɗebo miki."

Ban sha shayin ba. Na tafi wajen liman. Liman ya yi masa magana a hankali, irin maganar da ake yi wa mai dawakai. Ya ce to, gobe. Kafin goben, bututunmu ya daskare a ƙarƙashin ƙasa, inda hannu ba ya kaiwa. Da mata suka roƙi ya bari su riƙa ɗiba a famfonsa, sai ya sayo kwado ya rataya a ƙofar ɗakin dabbobin, ya sa ɗan makullin a aljihu.

Ina mazan layin? Rabinsu suna Rasha wajen aiki. Waɗanda suka rage sun ci namansa a biki, bakinsu ya yi nauyi.

Muka koma kogi. Ya 'yan uwa, wadda ba ta taɓa yi ba, kada ta ce ta sani. Kullum safiya ramin da kuka fasa jiya ya rufe. Ki durƙusa a kan ƙanƙara ki yi ta sara da gatari, ɓarɓashi na dukan fuskarki. Ki cika garwa da ludayi. Ki ɗaura ta a kan katakon ja, ki rataya igiya a ƙirji kamar doki, ki hau tudu. Ruwan da ya fantsamo a siket ɗinki yana zama katako kafin ki kai gida. Hannuwana sun tsage har ban iya riƙe allura. Mahaifiyata mai ciwon gwiwa takan ce sai ta bi ni, ni kuma in ɓoye mata takalma.

Ban yi kuka ba, kuma ban sake hawa ƙofarsa da roƙo ba. Idan na haɗu da shi a hanya ina jan garwa, nakan gaishe shi kamar yadda aka koya mini, in dube shi cikin ido har sai shi ya kawar da kai.

Sayra maƙwabciyarmu, ita ce mai sa mu dariya a bakin ramin. Takan ce, "Burul, karatunki ya yi rana. Ga ki nan kina aikin ruwa." In ce, "Eje, yayata, riƙe igiyar dai, kada ki faɗa mu sha miya."

Sai cilde ta shigo, kwanakin nan na tsakiyar hunturu da tofin yawu ke daskarewa kafin ya kai ƙasa.

Ku dubi hukuncin Allah. Da, ruwan yana wucewa ta gidansa ya zubo mana, yana tafiya. Da ya kulle mu, sai gidansa ya zama ƙarshen hanya. Idan kwami ya cika, yakan rufe famfonsa don kada ruwa ya jiƙa wa tumaki shimfiɗa. Ruwa ya tsaya cik a cikin reshen da ke jikin bango. Sanyin da ya turo mana ya juya ya shiga gidansa.

Ranar Juma'a da safe muka ga matarsa Anarkan tana gangarowa kogi da bokiti biyu, kanta a ƙasa. Babu wadda ta yi mata gori. Sayra ta matsa ta ba ta wuri. Tana ɗiba ta ce mini, "Tumaki sun kwana ba ruwa. Ya ɗauko fitilar babbaka."

Kun san ta. Kowane gida yana da ita, fitilar fetur ɗin nan mai hura wuta da muke babbake kan rago da ƙafafuwa. Na bar garwata a kan ƙanƙara na hau da gudu.

Na same shi durƙushe a gindin bangon, ya yaga kiyiz ɗin kamar taki ɗaya, yana buga wa fitilar iska. Sama da kansa ciyawa ce take leƙowa ta kowace kafa.

Na ce, "Baike, ajiye wannan. Ba haka ake yi ba, kai ma ka sani. A fara buɗe famfo, don tururi ya sami hanya. A fara daga bakinsa, a naɗe ƙarfen da tsummoki, a riƙa zuba ruwan zafi ana komawa baya kaɗan-kaɗan. Haka iyayenmu suke yi. In kira matan layi da butocinsu, kafin la'asar ruwanka ya zo."

Ya dube ni. Na ga ya so. Wallahi na ga ya so.

"A kan me?"

"Ka bar mu mu riƙa ɗiba a nan har ƙanƙara ta narke."

Fuskarsa ta canza. "To, ashe ciniki aka zo yi. Mata su cika mini gida da butoci, gobe a ce 'yar bazawara ce ta shayar da tumakina?"

"A ce me za a ce. Kiyiz ba ya kamawa da harshen wuta, ta ciki yake ci. Ba za ka gani ba."

"Ina babbake rago tun ba a haifi ubanki ba, Allah ya jiƙansa. Fita mini."

Ya ƙyasta ashana. Fitilar ta yi gurnani.

Na tsaya a bayan shinge ina kallo. Ƙarfen ya yi baƙi, gefen kiyiz ɗin ya fara nannaɗewa, warin ƙonannen gashi ya tashi. A layinmu warin nan na biki ne, ba ya tsorata kowa. Can bututun ya yi ƙara, ya yi tari, sai ruwa ya tsinke cikin kwami. Tumaki suka yi kansa.

Ya miƙe yana dariya. "Injiniya! Rubuta wannan a takardarki!"

Na ce, "Kada ka mayar da kiyiz ɗin. Kware shi duka, ka zauna a nan ka sa ido har yamma."

Amma ladan ya fara kiran salla, shi kuma ba ya son a riga shi sahun gaba. Ya kakkaɓe gefen da ya ƙone da tafin hannu, ya mayar ya naɗe a kan ƙarfe mai zafi, ya cusa ciyawa a bakin ramin da bututun ya ratsa bango don iska kada ta shiga. Ya datse kwado. Ya tafi masallaci.

Da Anarkan ta hauro daga kogi, na ce mata ta yaye kiyiz ɗin. Ta ce, "Ƙanwata, idan ya dawo ya ga na taɓa, kin san shi." Na gangara, zuciyata ba ta kwanta ba.

Ban gama jawo garwata zuwa gida ba na ji ihun Anarkan.

Hayaƙi ne fari yake fitowa ta ƙarƙashin rufi, a hankali, kamar ba abin tsoro ba. Wutar ta bi cikin kiyiz ta ratsa bango, ta hau ciyawa. Babu namiji ko ɗaya a layin, duk suna bayan liman. Ƙofa a kulle. Daga ciki tumaki na dukan katako, dawakai na kururuwa irin wadda ban taɓa ji ba, ba na kuma fatan ku ji.

Ina ruwa, ya 'yan uwa? Famfon titi ya mutu tun ranar da ya kulle mu. Ruwa ɗaya mai gudu a duk layin yana cikin ɗakin da ke ci, bayan kwado.

Muka kwashi dusar ƙanƙara da shebur muna watsawa. Dusar cilde busasshiya ce kamar gari, iska ke kwashe ta. Mahaifiyata ta fito da sandarta ta ce, "Burul, kawo garwar nan."

Na ce, "Apa, ruwanmu ke nan har gobe!"

"Kawo, kafin in mare ki."

Na kawo. Kowace mace ta fito da abin da ta jawo da ƙirjinta, aka watsa wa wutar mutumin da ya hana mu. Kamar an tofa mata yawu.

Sayra ta miƙo mini gatari, muka yi ta saran ƙofa ni da ita har ta ɓalle. Dawakai biyu suka fito a guje, suka kusa tattake mu. Tumaki ba sa fita daga wuta, kun sani, cunkushewa suke a lungu. Muka jawo waɗanda hannu ya kai, hayaƙi ya koro mu.

Sai ga shi ya taho daga masallaci, ba takalmi, da safa a kan ƙanƙara, maza na binsa. An riƙe shi ya fizge. Goɗiyarsa mai ciki tana can ciki a ɗaure. Ya shiga. Rufin ya rufto. Da aka jawo shi, hannayensa ba su yi kama da hannu ba.

Goɗiyar ba ta fito ba. Yawancin tumakin ba su fito ba. Ciyawar shekara ta zama toka a tsakiyar hunturu, don haka ɗan abin da ya tsira ma sai da aka rabu da shi. Yatsunsa sun warke a manne. Ba ya riƙe linzami, ba ya riƙe wuƙa. Ko alwala sai Anarkan ta zuba masa.

Ya 'yan uwa, me ya ci shi? Kada ku ce fitila. Fitila tana gidan kowa.

Ya hana maƙwabtansa ruwan da ba shi ya halitta ba, kun kuma san nauyin wannan a addininmu. Wannan na farko. Amma Allah bai kama shi nan take ba. Ya aiko masa da mafita har ƙofar gida: ga mata, ga butoci, ga tsummoki. Abin da ake nema a wajensa kalma ɗaya ce. Ya auna kalmar nan da dukiyarsa duka, ya ga ta fi nauyi, don kawai daga bakin mace ƙarama aka nema.

Wasu sun ce bai dace yarinya ta tsaya tana wa'azi da labarin dattijo ba. Na ji. Ni na durƙusa a kan kogin, ni na sari ƙofar, kuma zan ci gaba da faɗa duk shekara idan sanyi ya gabato. Ba murna nake ba. Wanda ya ji kukan dabbobin nan ba zai yi murna ba.

Idan bututunki ya daskare, buɗe famfo, ɗora ruwa a wuta, ki ƙwanƙwasa wa maƙwabciya. Kada a kusanto da harshen wuta inda akwai kiyiz ko ciyawa, ko da mai gidan ya rantse ya iya. Idan kuwa akwai wadda kike jin kunyar ƙwanƙwasa wa don kin zalunce ta, to je ki yau, tun ƙafarki na iya kai ki.

Ya Allah, kada ka bar mu mu riƙe abin da ka aiko don a raba. Kada ka sa girman kai ya toshe mana kunne ranar da gaskiya ta zo daga bakin wanda muka raina. Ka sassauta wa bawan nan naka, ka karɓi tubarsa. Allah ya kiyaye mu da wutar duniya da ta lahira. Amin.