Bangon Satumba

Akwai wata 'yar wasan talabijin a birnin São Paulo mai suna Valdirene Bispo. 'Yar garin Salvador ce, baƙa, doguwa, mai muryar da in ta yi magana sai an juyo. Shekara ashirin tana fitowa a wasannin da ake nunawa bayan labarai. Da 'yar aiki mai kawo kofi ta fara, har ta kai ana ba ta lauya da likita.

Sau huɗu fuskarta ta hau bangon mujallar ado ta Cetim Azul. Amma jama'a, duk huɗun a Nuwamba ne, watan da ake tunawa da baƙaƙen fata. Da watan ya wuce sai a koma wa fararen nan masu gashi kamar gemun masara, wata goma sha ɗaya cur. Kowa ya san haka ake yi, ba mai faɗa ne kawai.

Bangon da kowace mace a wannan sana'a take mafarki shi ne na Satumba. Shi ne fitowa mafi kauri, shi masu talla suke rububi. Shekara talatin mujallar tana fita, baƙar mace ba ta taɓa hawansa ba.

Duk hirar da aka yi da Valdirene sai ta ce: "Hanyar nan da na share, ba don ni kaɗai na share ta ba. Ƙannena nake jira su biyo." Ta faɗa har ta haddace, kuma wallahi a lokacin ita ma ta ɗauka gaskiya take faɗa.

Wata Talata a cikin Yuni, tana zaune Marizete na yi mata kitso, waya ta yi ƙara. Marizete ƙawarta ce tun suna yara, ita take mata gashi tun kafin kowa ya san sunanta. Mai kiran kuwa Dona Heloísa ce, wato Uwargida Heloísa, editar mujallar.

"Val, ki zauna in a tsaye kike. Satumba naki ne."

Valdirene ta ƙwalla ihu har mataji ya faɗi daga hannun Marizete.

"Tsaya mana, ban gama ba," in ji Dona Heloísa. "Ku biyu ne. Ke da Jucélia, yarinyar nan mawaƙiya. Kafaɗa da kafaɗa, a gaba."

Nan take murnar ta koma ciki.

Jucélia shekararta ashirin da huɗu. Ita ma 'yar Salvador ce, ta fi Valdirene duhun fata nesa ba kusa ba, ga kai a aske tas. Shekara biyu kacal da fitowarta, amma ko motar haya ka shiga waƙarta ce ke tashi.

Valdirene ta ajiye wayar ta ja tsaki. "Shekara ashirin ina jiran wannan bango. Ita kuma jiya-jiyan nan aka yaye ta."

Marizete ta ɗauki matajinta tana dariya. "Au! Ba ita ce ƙanwar da kike jira ba? To ga ta nan ta biyo hanya."

"Marizete, ki yi kitsonki."

"Ina yi ai. Ki daina ɗaure fuska, goshin ki na jan min gashi."

Ranar ɗaukar hoto ita ta ƙarasa ɓata lamarin. Jucélia ta iso da 'yar jaka a kafaɗa da silifa a ƙafa. Tana ganin Valdirene ta ruga ta kama hannunta biyu, tana kiran ta Tia, wato goggo.

"Tia Val! Ki sa mini albarka."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata," in ji Valdirene, da murmushin da iyakarsa leɓe.

Aka shiga aiki. Mai hoto ya ɗaga na'urarsa, ya kalli Jucélia a cikin wata doguwar riga ruwan ƙwai, sai ya sauke na'urar ya ce, "Kai! Ku zo ku ga yadda haske yake kwanciya a fatar yarinyar nan." Masu kwalliya suka yo caa. Mai ɗinki ya durƙusa yana gyara mata bakin riga. Valdirene na tsaye gefe cikin takalmi mai tsini da ke cizon ta, ba wanda ya tuna ya miƙo mata ko ruwa.

Ita ta san wannan kallo. Shekara goma sha biyar baya ita ake yi wa shi. Abin da ta ji kuwa ba sai an nemo masa suna ba: hassada ce tsagwaronta.

Da aka nuna musu hotunan a allo, sai abin ya ƙara ci mata rai. Hoton ya yi kyau, kyan da ba ta taɓa yi a bangon Nuwamba ba. Amma idonta ya ƙi tsayawa a kan fuskarta, sai zamewa yake zuwa ta yarinyar. Ta ce a ranta: in nawa idon ma haka yake yi, na mai saye fa?

Kwana uku ba ta da zance sai Jucélia. Hancinta, tafiyarta, yadda take cewa "Tia" kamar mai kiran tsohuwa. Marizete ta gaji ta ce, "Ke, yarinyar nan ta ci miki wani abu ne? Tun safe kin ambace ta sau tara, na ƙirga."

Yanzu ga inda sana'ar take da wata dabara. Akwai bangon da ake yi mai ninki: hoto ɗaya mai faɗi, rabinsa a gaba, rabinsa a naɗe ta ciki. Wanda ke gaba shi ake gani a rumfar mai jarida. Wanda aka naɗe kuwa, sai wanda ya saya ya buɗe. Mujallu sun daɗe suna wannan wayo. Su jera fararen a gaba, su cusa baƙar a ninki, sannan su buga ƙirji su ce ai kowa ya samu wuri. Valdirene da kanta an taɓa naɗe ta haka a wata mujalla tana yarinya, kuma ta yi kuka a bayan motar haya ranar da ta gani.

Wannan dabarar ce ta faɗo mata a rai.

Ranar Laraba ta gayyaci Seu Otávio, wato Malam Otávio, cin abincin rana. Shi ne shugaban sashen talla na mujallar, mutumin da ya taɓa faɗa a gabanta, ko kunya babu, cewa baƙar fuska ba ta sayar da turare. Shekara goma sha biyar ba ta gaishe shi da daɗin rai ba. Yau ga ta tana zuba masa feijoada, daffen wake da nama, da hannunta.

"Seu Otávio, tsakanina da kai," ta ce, ta rage murya. "Ni na san matan da ke sayen mujallar nan. Baƙa ɗaya a Satumba, za su haɗiye. Amma biyu? Biyu ba za su sayu ba. A yi mai ninki mana. Yarinyar tana da sauran lokaci."

Seu Otávio ya ajiye cokali, ya goge baki a hankali, idonsa na ƙyalli.

"Dona Valdirene, tun watan jiya nake faɗa musu haka, suna ce mini tsohon kai. Amma tunda daga bakinki ya fito..."

Ta koma gida tana jin kamar ta sauke kaya. Ko Marizete ba ta gaya wa ba.

Mako biyu shiru. Sai Dona Heloísa ta aiko a ce ta zo ofis. Valdirene ta caɓa ado ta tafi, a zatonta gwajin bango za a nuna mata.

An nuna mata kuwa. Yana kwance a kan tebur. Wata farar 'yar wasa ce mai gashi kamar gemun masara, tana dariya, a karo na shida.

Ta ɗago kai ta dubi editar. "Heloísa, mene ne wannan?"

Dona Heloísa ba ta ce mata ta zauna ba. "Otávio ya shiga taron masu mujalla ya ce, ga shi har Valdirene Bispo ta ce biyu ba za su sayu ba. Me zan ce musu? Shekara uku ina faɗa a kan bangon nan, da maganarki aka kayar da ni cikin minti biyar."

"To ai ninki na ce a yi..."

"Sun yarda da ninkin. Suka ce yarinyar a gaba, ke a ciki."

Valdirene ta dafa kujera.

"Me kika zata? Ita ke tashe. Tun farko ma ita kaɗai muka nema, Val. Sunanki bai zo a taronmu na farko ba ko sau ɗaya. Ita ce ta ce ba za ta hau bangon Satumba ba sai da ke a gefenta. Da muka kira ta muka ce za a naɗe ki, ta ce to a cire ta. Na roƙe ta, manajanta har da hawaye. Ta ce ba za ta tsaya a gaba Tia Val na ninki ba. Otávio kuwa dama hoton waccan farar na aljihunsa."

"Ta san... ta san ni ce?"

"Ban gaya mata ba. Ba don ke ba, don ita."

Valdirene ba ta san yadda ta sauko daga benen ba. Kunya ta lulluɓe ta tun daga kai har ƙafa. Washegari da hantsi ta nufi ɗakin da Jucélia ke gwajin waƙa.

Yarinyar na ganinta ta tsayar da makaɗa ta taho da gudu. Idonta a kumbure.

"Tia, ki yi haƙuri. Na so in yi miki wannan, ban iya ba. Wai wani ne ya ce musu mu biyu ba za mu sayu ba. Ni dai ban san wane irin mutum ne wannan ba."

Da Valdirene ta yi shiru, da maganar ta mutu a nan. Amma sai ta buɗe baki.

"Ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na faɗa. Na ce a naɗe ki a ciki. Ƙyashinki nake ji, Jucélia. Tun ranar da aka ambaci sunanki nake jin sa."

Jucélia ta tsaya tana kallonta. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta je ta ɗauko 'yar jakar nan tata, ta zaro wata takarda da aka rufe da leda. Tsohon bangon mujalla ne, ya koɗe, ga ɗigon manja a gefe. Valdirene ce a jiki, Nuwambarta ta farko.

"A rumfar ƙosan acarajé ta mamata yake manne tun ina shekara tara," in ji Jucélia. "In yara suka tsokane ni a makaranta suka ce gawayi, sai Mama ta nuna mini shi ta ce, kalli, ga irinki a bangon mujalla. Na zo da shi ranar hoto don ki sa mini hannu, kunya ta hana ni."

Ta ɗora shi a hannun Valdirene, wannan karon babu kiran Tia a bakinta.

"Ki riƙe, Dona Valdirene. Na gama da shi."

Ta juya ta ce wa makaɗa su ɗauko daga farko.

Satumbar da ta zagayo, wata mujallar ta daban ta nemi Jucélia, ta ce ta zaɓi duk yadda take so. Valdirene ta ga bangon a rumfar mai jarida ta bakin layinsu, ita da Marizete suna dawowa daga kasuwa. Jucélia ce a tsakiya da wasu baƙaƙen mata uku, wata likita, wata 'yar tsere, wata tsohuwa mai ɗinki. Duk a gaba, babu ninki. Mai rumfar ya ce guda biyu suka rage masa, tun safe ake wawaso.

Valdirene ta saya. Ta daɗe tana kallo a tsaye, kayan miya na rataye a hannunta.

Marizete ta leƙo ta kafaɗarta, ta sa yatsa a gefen dama na Jucélia inda aka bar fili.

"Kin ga nan?" ta ce a hankali, ba tsokana a muryarta wannan karon. "Da mutum biyar sun shiga."

Darasi: Mai hassada yakan ɗauka wanda ya tsaya kusa da shi ya zo ƙwace masa wuri ne, alhali wataƙila shi ne ya roƙa masa wurin. Kada ka ɗauki maganar da aka taɓa danne ka da ita ka danne na bayanka, domin ranar da ka faɗe ta, ku duka za a kora da ita. In wannan labari ya taɓa ka, tura wa wani, musamman wanda ya riga 'yan uwansa samun wuri.