Munduwar Inna Tabawa

Ku matso, ku bar surutun nan, yau gardama na kawo muku.

Inna Tabawa tsohuwa ce da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar a wani asibiti. Amma wallahi ba ciwon ne ke cin ta ba. Ɗanta na fari ya tafi Kudu fataucin albasa shekara da shekaru, kullum idonta na bakin ƙofa. In an ce wa take jira, sai ta ce, "Ba kowa." Kun dai san kunyar ɗan fari, ko za ta mutu sunan nan ba zai fito daga bakinta ba. Bege ya hana ta cin abinci, tana ta ramewa.

Nas uku ke kula da ita. Rifkatu ce ke jan labule ta wanke ta, ta juya ta kada kwanciya ta huda mata baya, ta lallashe ta da kunu cokali-cokali. Ba don ita ba, da tuni an kai Inna makwancinta.

Ladidi kuwa zama ta yi gefen gado tana jero sunayen maza kamar mai wasa. Tana cewa "Sallau", Inna ta kau da kai, hawaye shar. Ladidi ta bi direbobin albasa a tasha har ta samo lambarsa.

Sai tsohuwar ta kafe: "Kada ku gaya wa wancan jikin ya tsananta, yana da hidimarsa." Da Kande, ta ukunsu, ta kira shi a waya, sai ya ce mata in jikin da sauƙi ba zai zo ba sai bayan kaka. Kande ta ce ya dakata, ta durƙusa gaban Inna.

"Inna, ƙarya ba zan yi masa ba, asirinki kuma ba zan tona ba sai da yardarki. Amma in na yi shiru, ba zai zo ba."

Inna ta kalli ƙofa, sannan ta gyaɗa kai.

Da Sallau ya iso, ta juya fuska ga bango, amma hannunta mai lafiya ya damƙi gefen rigarsa, bai saki ba har rai ya yi halinsa. Munduwar azurfa guda ta bari, da wasiyyar a ba wadda ta kawo mata wancan.

To, ku faɗa min, hannun wa za a sa wa munduwar nan?