Siminti a Kan Bangon Ƙasa

Akwai wani mutum da aka damƙa wa kula da wani gidan kimiyya da halittu a bakin gari. Can ake kai 'yan makaranta su ga ƙasusuwan giwa, da duwatsu iri-iri, da madubin kallon taurari. Waɗanda suka gina gidan sun yi tunani ƙwarai. Da jar ƙasa suka yi bangon, kaurinsa kamu biyu, suka bar ƙananan tagogi can sama domin iska mai zafi ta fita. Ruwan da ya sauka a kan rufi, indararo ke kai shi rijiyar ajiya, wuta kuma daga hasken rana ake samunta. Ko a tsakiyar bazara ka shiga, sai ka ji sanyi kamar ka leƙa cikin randa, alhali ko fanka babu.

A ƙuryar gidan akwai ɗakin iri. Manoman ƙauyuka ne suka kawo irin gero da dawa da wake na kakanninsu, aka zuba a tukwane aka rufe, domin in shekara ta ɓaci kowa ya zo ya ɗibi nasa. Wannan ita ce babbar amanar da ke hannun mutumin.

To, amma ginin ƙasa yana da sharaɗinsa. Kowace shekara, kafin ruwan fari, sai an yi masa yaɓe. Wani tsohon magini, Baba Arzika, shi ke zuwa da mutanensa, su kwaɓa ƙasa da ciyawa da kashin shanu, su bi tsaga ɗaya bayan ɗaya suna toshewa. Mako biyu cur gidan yana cikin laka da wari.

Wata shekara sai manyan baƙi suka zo daga birni ana tsakiyar yaɓen. Wata a cikinsu ta toshe hanci da gyale, wani kuma ya yi dariya ya ce, "Ashe har yanzu ba a gama ginin ba?" Kunya ta kama mutumin, har ya rasa inda zai sa fuskarsa. Baƙin suna tafiya ya aika a sayo siminti, ya ce a shafe bangon ciki da waje, a bi da farin fenti.

Baba Arzika ya ce masa, "Ranka ya daɗe, bangon nan numfashi yake yi. Ya sha ruwa da damina, ya fitar da shi da rani. In ka rufe shi, ruwan da ya shiga ta ina zai fita?"

Mutumin ya ce, "Baba, zamanin nan ya wuce. Na gaji da jin kunya kowace shekara."

Aka shafe, gida ya yi fari fat, kowa ya zo sai yabo. A shekara ta uku mutumin ya fara jin warin danshi a ɗakin iri, ya ga fenti yana kumbura. Kun san abin da ya yi? Ya sa aka ƙara fenti, ya kulle ɗakin, ya jefa makullin a aljihu. Bai gaya wa kowa ba.

A shekara ta huɗu fara ta cinye gonakin wani ƙauye, ko zangarniya ɗaya ba a girba ba. Da damina ta gabato, wata tsohuwa mai suna Iya Tabawa ta tako da ƙafa tun daga can, da ɗan ƙyalle a hannu, ta zo ɗibar irin geron da ta gada wurin uwarta. Mutumin ba shi da yadda zai yi, ya buɗe ƙofar. Yana turawa sai simintin bango ya ɓalle, ya zubo a gabansu. Abin da ke bayansa baƙar laka ce jiƙaƙƙiya, gara tana yawo a ciki. Iya Tabawa ta buɗe tukunyarta ta sa hannu. Geron ya dunƙule, fumfuna ta cinye shi.

Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Haba ɗana. Da ka gaya mana bango yana neman gyara, ai da hannunmu za mu zo mu yaɓe maka." Ta naɗe ƙyallenta ba komai a ciki, ta kama hanya. Shi kuwa ya kasa ɗaga kai ya dube ta.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwana: bangon ƙasa mu ne, gama daga ƙasa Ubangiji ya yi mu, ya kuma san za mu tsage. Yaɓen shi ne tuba, wato ka durƙusa a gaban Allah, ka kuma je wurin wanda ka ɓata wa rai ka ce, "Na yi laifi, ka gafarta mini." Aikin yana da laka, yana da wari, mutane kuma suna gani. Simintin kuwa shi ne farar rigar Lahadi, da murmushi, da "Lafiya lau" a bakin ƙofar majami'a. Zunubin da aka rufe ba ya bushewa, ruɓa yake yi a ciki. Abin baƙin cikin ma, ba kai kaɗai yake ci ba, har amanar da aka ajiye a wurinka: matarka, da 'ya'yanka, da masu rauni da suke duban bangaskiyarka.

Kada ku yi ta waige-waige kuna neman wanda nake nufi. Ni ne. Ranar da muka binne mahaifiyarmu na gaya wa ƙanena magana mai zafi a gaban dangi, maganar da bai cancanta ba. Shekara bakwai ke nan ina tsayawa a nan ina koya muku gafara, ban taɓa ce masa ya yi haƙuri ba, don kada a ce fasto ya yi kuskure. Ina jin kunya ƙwarai. Ga ƙanen nawa can zaune a benci na ƙarshe. In an tashi, don Allah kada kowa ya tsayar da ni da gaisuwa, wurinsa zan fara zuwa.