Dogo da Jinkar Rumbunsa

Akwai wani manomi da ake kira Dogo, tun zamanin da ƙauyensu bai fi gida goma ba, daji kuma ya kewaye su ta ko'ina. Ƙarfi dai Allah ya ba shi, sai dai girman kai ya fi ƙarfin yawa.

Da matarsa ta rasu, sai ya tattara ya koma can ƙarshen gonarsa, ya ce mutane surutu ne kawai. Idan maƙwabta za su ɗora jinkar rumbu suka aiko masa, sai ya ce yana da aiki. A hankali aka daina aikowa.

Shi kaɗai yake cin abinci, shi kaɗai yake hira da akuyarsa. Kaɗaici yana cinsa, amma ko a fuska ba ya nunawa.

A wata shekara gona ta yi kyau. Dogo ya gina rumbun da ya fi na kowa girma, ya cika shi da hatsi. Ya zauna a ƙasa ya ɗaure jinka ƙatuwa, don duk mai wucewa ya gani. Sai da ya gama ya tuna cewa jinka ba ta hawa rumbu da hannu biyu.

Ya tokare ta da itace, itacen ya karye. Ya sa kafaɗa, bayansa ya amsa. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga abincin shekara a buɗe.

Dole ta sa ya nufi gidan ƙaninsa. Ya tarar da shi a ƙofar gida tare da maza uku suna gyaran fartanya. Daidai mutanen da yake bukata ke nan.

"Yaya, lafiya dai?" in ji ƙanin.

Dogo ya dube su, sai ya ce, "Lafiya lau. Wuta ce ta mutu mini, na zo ɗiba."

Aka zuba masa garwashi a kasko, ya juya yana tafe kamar wanda aka yi wa duka. Kafin ya isa gida ruwa ya kece.

Matar ƙanin ce ta fita kwashe shanya, ta hango hayaƙi yana tashi daga ɗakin Dogo, alhali shi yana hanya. Ta ce wa mijinta mai wuta a murhu ba ya zuwa neman wuta, ya tashi ya je ya duba ɗan'uwansa.

Ƙanin da mazan nan uku suka same shi a saman rumbu, ya baje tabarma ɗaya ya kwanta a kai, ruwa yana dukan bayansa. Su huɗu suka kama jinkar, cikin ɗan lokaci ta zauna daram. Amma rabin hatsin ya riga ya jiƙe.

Ƙanin ya riƙo hannunsa ya ce, "Yaya, da jinka ka ce mana, da ko ƙwaya ɗaya ba ta jiƙe ba."

Dogo ya zauna cikin taɓo ya fashe da kuka, a gaban mutanen da ya yi shekaru yana gudu.

Darasi: Neman taimako ba ya rage wa mutum daraja, girman kai ne yake jawo asara. Ka taimaki mutane lokacin da kake da ƙarfi, idan kuma ka gaza ka buɗe baki ka faɗa. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani yana can shi kaɗai yana fama bai iya faɗa ba.