Filash ɗin Malama Iyatu

Akwai wani ɗalibi a wata jami'a a nan Sakkwato, Sirajo, ɗan aji huɗu a sashen kwamfuta. Yana cikin ɗaliban da ake zaunarwa a cibiyar kwamfuta su taimaki duk wanda na'urarsa ta ba shi matsala. Ba zan ci haƙƙinsa ba, yaron ya iya aiki. Amma girman kai ya yi masa katutu. Kafin ka gama bayani ya fizge abin daga hannunka, kuma maganinsa ɗaya ne kullum: a share komai a fara sabo.

Wata Talata da hantsi, ɗan kabu-kabu ya sauke wata mata a ƙofar cibiyar. Malama Iyatu ke nan, malamar firamare daga Runjin Sambo, uwar 'ya'ya huɗu, wadda ta dawo karatu da girmanta. Ba ta da kwamfuta. Wata biyar tana tashi daga makaranta ta wuce laburare ta buga furojet ɗinta, ta adana a wani ɗan filash da take ƙullewa a bakin mayafi. Ranar Alhamis da ƙarfe sha biyu za a rufe karɓa. Wanda bai miƙa ba, sai baɗi.

Ta miƙa wa Sirajo filash ɗin.

"Ɗana, don Allah duba mini abin ga. Jiya nik kai shi shagon buga takardu a Gawon Nama, tun da nid dawo..."

"Bairos na," ya katse ta. Ya riga ya soka shi a kwamfuta, ya ga foldojin sun ƙi buɗewa. "Sai an yi mai fomatin."

Ba ta san kalmar ba. Ta ce, "Aikina dai ba ya taɓuwa ko?"

"Malama, ke za ki gyara ko ni?"

Matar da ta isa ta haife shi ta koma gefe ta tsaya. Wannan ne ya fi ci mini rai a duk labarin. Ta yi tambayar da ta dace, aka hantare ta.

Sirajo ya danna, cikin ƙiftawar ido filash ya zama wayam. Bai tsaya nan ba. Don ya nuna mata gwaninta, ya tura wasu manyan bidiyoyi ciki har ya kusa cika, ya buɗe su ta gani, sannan ya goge ya miƙa mata.

"Ga shi, ya koma sabo."

"To ina furojet ɗin?"

"Wane furojet? Ba ki da shi wani wuri?"

Daidai nan Zakiyya, abokiyar aikinsa a teburin, ta dawo daga lacca. Ta zaunar da matar, ta tambaye ta yadda aka yi tun daga farko. Da ta ji zancen shagon buga takardu, sai ta juyo kan Sirajo, idonta jawur.

"Mi kay yi haka, Sirajo? Bairos ɗin shagunan ga ba ya cin aiki, ɓoye shi yaka yi. Kai ma ka sani. Da ka duba nauyin filash ɗin da ka ga kayan na ciki. Minti biyu ka buɗe abin da ya ɓoye, ka kwahe, sannan ka yi fomatin ɗinka. Ko tambayarta ka yi mi ag ciki?"

"Ai ana iya maido shi," in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa.

"Da ana iyawa. Amma ka zuba bidiyo bisa kai, ka take wurin."

Suka gwada duk da haka. Har la'asar manhajar ceto tana lalube. Babi na ɗaya ya dawo, da rabin na biyu. Babi na huɗu, wanda ta yi wata biyu tana shigar da amsoshin mutum ɗari uku a ciki, ko layi ɗaya bai fito ba.

Sirajo ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Washegari tun da safe ya ɗauki kwamfutarsa ya je Runjin Sambo, ya zauna a zauren gidanta, ana miƙo masa tsofaffin takardunta yana bugawa. Ya buga har yatsunsa suka ƙage. Amma aikin wata biyar ba ya haɗuwa a kwana biyu. Alhamis da sha biyu ta same su a tsakiyar babi na uku. Suka je suka roƙi malamin da ke duba aikinta. Ya tausaya, amma ya ce sunaye sun riga sun wuce sama.

A ranar shugaban cibiyar ya cire Sirajo daga teburin, ya kuma hana shi takardar shaidar aiki da yake ta sa rai da ita. Wallahi ban ga laifinsa ba.

Da suka fito daga ofishin malamin, Sirajo ya durƙusa a gaban mutane ya ce, "Malama, ku yahe mani."

Ta dube shi ta ce:

"Zan yahe, don ina son Allah ya yahe mani. Amma ka ji wannan. Kai bana za ka gama ka tahi bautar ƙasa. Ni zan sake shekara guda ina barin ɗiyana da makwabta, ina bin rana zuwa nan. Ba bairos yaj ja mani ba. Kai na, don ka ga bakina bai isa a saurara ba."

Ta tare ɗan kabu-kabu ta hau. Sirajo bai iya tashi ba sai da Zakiyya, da ta raka su, ta ce masa ya matsa, ya tare wa mutane hanya.

Darasi: In an kawo maka amanar abu, ka saurari mai shi har ya gama, ka kwafe abin da ke ciki kafin ka taɓa, kuma kada ka goge abin da ba kai ka sha wahalarsa ba. Iyawa ba ta ba ka izinin raina mutane ba. Ku kuma masu furojet, ku tura wa kanku kwafi a imel yau ɗin nan. Ku tura wannan ga duk ɗalibin da kuka sani, musamman masu gyaran.