Gizo da Rigar Ubansa

"Ku matso, jikokina. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

Gizo dai rigar kirki ɗaya gare shi, wata saƙi mai shuni da ya gada wurin ubansa. Ita yake so ya sa ranar auren 'yarsa, bayan girbi. Ana tsakiyar damina ya fita taƙama da ita, ruwa ya yi masa dukan tsiya.

Matarsa Ƙoƙi ta ce, "Maigida, shanya ta ta bushe ƙarau. In ninke maka, in sa ganyen darbejiya, mu rufe a adudu bisa dutse."

"In shanya, maƙwabta su gani su zo aro? Allah ya kiyaye!"

Ya ƙunshe ta da jiƙonta. Ya tura ƙarƙashin gado, ya jawo. Ya cusa a rumbu, ya zaro. Ya zauna, ya miƙe, ko tuwo ya kasa ci. Sai ya fita neman shawara, kun san Gizo, ta kowa yana ji ban da ta matarsa.

Ya tarar da Gara. "Gara, ina ake ɓoye riga?"

"A rami mana! Ni zan yi maka gadi."

Ya tarar da Asu, ɗan ƙwaron nan mai cin tufafi. "Asu, in riƙa dubawa?"

"Kul! Iska ke kashe shuni. Ni zan yi maka gadi."

Ya tarar da Kusu. "Kusu, me ake sawa don ƙamshi?"

"Ƙuli-ƙuli, cike da aljihu. Ni ma zan yi maka gadi."

Gizo ya binne riga a bayan ɗaki, yana murna ya sami masu gadi uku kyauta. Kullum sai ya zagaya wurin sau goma, hannu na ƙaiƙayi, amma bai tona ba.

Ranar aure, maroƙa na ƙofar gida, Gizo ya tona. Warin fumfuna ya buge shi. Ya ja hannun riga, hannun ya taho shi kaɗai. Ya ɗaga gaban riga, ya hangi Ƙoƙi ta cikin huji. Ya laluba aljihu, 'ya'yan Kusu bakwai suka watse. Wuyan kawai ya rage.

Ni kaina na tausaya masa. Ya zauna daɓas, ya rungume wuyan nan yana kuka, yana cewa, "Baba, shekara arba'in ka riƙe ta, ni damina ɗaya ta gagare ni."

'Yarsa ta leƙo. "Baba, ana jiran ka."

Zanen Ƙoƙi ya yafa ya fita.

To, kun ji. Tufa sai ta bushe ake ajiye ta, nesa da ƙasa, ana shanyawa lokaci-lokaci. Kuma kada ku tambayi mai son cin abinku inda za ku ɓoye shi.

Ƙungurus kan kusu, mai 'ya'ya bakwai a aljihu.